Bindigar da Kawu Ya Ƙi Gyarawa

A da, a unguwarmu ba ladan kaɗai ke tashin mutane ba. Da an sallame asuba, tun mata ba su sauke koko ba, sai ka ji masaba ta fara sauka a kan uwar maƙera, wannan zaure ya kira wancan ya amsa, a ƙarƙashinsu kuma zugazugi yana ta numfashi kamar saniya mai barci. Wanda aka haifa a cikin wannan ƙara yana iya gane hannun kowane maƙeri ko da idonsa a rufe yake. Yau in na fito ƙofar gida da safe, kukan janareta nake ji, sai samari a jere kan benci, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya kamar masu tilawa, alhali ba abin da suke karantawa. Zauren da na yi ƙuruciyata a cikinsa an shafe shi da shuɗin fenti, cajin waya ake yi a ciki. Ba cewa nake a koma zamanin da ba, na sha wuyarsa, na san ɗacinsa. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda yaro zai kalli bidiyo yana kishingiɗe, ya miƙe ya kakkaɓe wando ya ce ya iya sana'a.

Jikana, ɗan babbar 'yata, shi ya tono min wannan tsohon zance. Ya gama sakandare ya zauna ba aiki, sai ya same ni a gindin darbejiya ya ce ya yanke shawara zai koyi gyaran bindiga. Wai yanzu kowane ƙauye da 'yan sintirinsa, kowane ɗan sintiri da bindigarsa, bindiga kuwa ba ta rabuwa da lalacewa, saboda haka kasuwa a buɗe take. Ya shiga jera min hanyoyin da ya gano kamar mai tallan atamfa. Ko dai ya koya a waya, inda wasu masu tsabtar farce ke kwance ƙarfe suna ɗaurawa suna zuba surutu. Ko ya shiga aikin damara ya yi fatan a tura shi ɓangaren makamai, wanda ya ce hanya ce mai tsawo. Ko kuma wani wurin walda a Malam Madori, inda gaba ake ƙera ƙofofi da tagogi, baya kuma ake koyar da abin da yake nema, kuma an ce masa kafin damina ta zagayo an yaye mutum. Ni da na tsufa a kan wannan aiki, ni ya sa a ƙarshe, yana dariya irin ta jika da kaka, wai koyarwata ta mutanen da ce, sai mutum ya yi furfura bai taɓa kunamar bindiga ba. Da ya ambaci Malam Madori na san ko wurin wa yake nufi.

Ni a hannun kawuna na tashi, wan mahaifiyata. Shi ne maƙerin da maharban fadama ke kawo wa bindigoginsu na toka, irin waɗanda ake ɗurawa ta baki. Dogo ne, mara yawan magana, kunnensa ɗaya ya mutu saboda ƙarar ƙarfe, don haka kullum a karkace yake sauraron mutum. Aikina na farko a wurinsa ɗauko gawayin ƙirya ne daga bakin kasuwa, da share toka, da ɗebo ruwa a tulu. Daga nan na hau zuga, na yi ta zuga har kafaɗuna suka daina ciwo don kansu. Sai da na fara tsiro gashin baki ya bar ni na buga lauje da fartanya da ƙugiyoyin masunta. In na kawo masa lauje ya juya shi ya ga bai yi ba, ba zagi ba duka, sai ya mayar da shi cikin wuta ya ci gaba da abin da yake yi. Wannan shirun ya fi bulala zafi. Bindiga kuwa, iyakata da ita in goge ta da tsumma in jingine.

Lokacin nan kogi bai san madatsar ruwa ba. In damina ta yi nisa ruwa yakan malalo ya shafe fadama har inda ido ya tsaya, shinkafa ta tashi kore shar, masunta su bi ta tsakaninta a kan gora. Da ita kuma sai tsuntsaye su sauka, dinya da kirinjijiya da jan-baki mai cinye gona kafin mai ita ya gama alwala. A tudu kuma gyado ke tone rogo da dankali. Saboda haka bindiga a wurin mutanenmu kayan noma ce, kamar garma. Maharbi zai shigo zaure yana warin hayaƙi da kifi, ya ajiye bindigarsa gefe, ya zauna. Kawu ba zai ko dubi inda take ba. Sai ya tambayi shinkafa, ya tambayi tsohuwa, ya tambayi yaron da aka ce ciwon shawara ya kama, ya tambayi yadda aka ƙare da maƙwabcin da akuyarsa ta yi ɓarna. Ni ina kan zuga ina cika ina batsewa, ina ganin tsoho yana ɓata rana a kan gaisuwa. Sai an sha ruwa an yi hira sannan ya miƙa hannu ya ce a ba shi ya gani.

A cikin shekarun nan ne wani mutum ya dawo daga Kurmi ya kafa rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori. Ya zo da injin huda ƙarfe, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Inji. Yana da agogon hannu da rediyo da babur mai madubi biyu, kuma ya iya magana kamar mai sayar da maganin ƙarfi a kasuwa. Ya yi shela cewa duk yaron da aka kawo masa, rani ɗaya ya isa ya mai da shi gwani. Sa'o'ina suka yi ta kwarara can. Sukan dawo ranar Juma'a da baƙin tabarau, suna tafiya suna buɗa hannuwa kamar masu ƙurji a hammata, su tsaya a bakin zaurenmu su tambaye ni ko har yanzu ni ne sarkin zuga. Ba zan ɓoye ba, abin ya ci raina. Na fara duban Kawu ina ganin tsoho ne kawai da zamani ya wuce ya bari.

Akwai wasu 'yan'uwa biyu a wani ƙauye na bakin kogi, uwa ɗaya uba ɗaya. Zan ce musu Babba da Ƙarami, don jikokinsu suna nan da rai. Ubansu ya rasu ya bar musu gonar fadama, aka raba, kowa ya kama tasa. Sai wata shekara ruwa ya sauya hanya, ya cinye gefen Babba ya bar masa yashi, ya tara laka mai kyau a gefen Ƙarami. Babba ya ce a sake rabo. Aka je gaban Bulama, mai garin, Bulama ya ce rabo ya riga ya tabbata, abin da ruwa ya yi ba mutum ya yi shi ba. Ƙarami ya yi tayin ba shi wani yanki ya noma, Babba ya ce shi ba almajirin ƙanensa ba ne. Duk yankin an san wannan magana, har mata na yin ta a bakin rijiya.

Shinkafa na gab da nuna Babba ya shigo zaurenmu da bindigar ubansu naɗe a tsohuwar tabarma. Ta yi tsatsa, kunamarta ta saki. Ya ce gyado ya dame shi. Kawu ya karkato da kunnensa mai ji ya tambaye shi ta ina gyadon ke shigowa, tunda gonar ruwa ya kewaye ta. Babba ya yi 'yan kame-kame ya ce ta wajen tudu. Mutumin nan kowa ya san bai taɓa farauta ba, ko kaza in za a yanka a gidansa maƙwabci ake kira. Kawu ya karɓi bindigar ya rataye ta a azarar zaure, ya ce ya dawo bayan kasuwa. Ya dawo, aka ce gawayi ya jiƙe. Ya sake dawowa, aka ce bayan Kawu ya riƙe. Ya kuma dawowa, aka ce ana jiran wani ƙarfe daga Kano. Ni kuwa na san gawayi a bushe yake, na kuma san aikin ko ni aka bari da na gwada. Rannan da Babba ya fita yana huci na kasa haƙuri, na tambayi Kawu dalilin da ya sa yake wulaƙanta mai kawo aiki.

Yana juya ƙarfe a wuta ya ce, "Aikin ba zai kai hantsi ba. Amma mutumin nan ba gyado ke cin sa ba. Bar ta ta yi ta kwana a nan har zuciyarsa ta sauka."

Na ɗauki maganar a matsayin rigimar tsufa. A ganina mu maƙera ne, ba masu duba ba. A wannan makon na gaya wa mahaifiyata cewa na gaji, zan koma wurin Mai Inji. Ba ta hana ni ba, ta dai ce in je in gani da idona tukuna kafin in buɗe baki a gaban wanta. Ana gobe zan tafi sai ga Babba ya zo da rana tsaka, ya tsaya a tsakiyar zaure yana ɗaga murya, ya ce a ba shi gadon ubansa ko ya kai ƙara. Kawu ya yi masa magana a hankali, ya ce ya zauna su sha ruwa, ya ƙi. Ba yadda za a yi a hana mutum kayansa. Kawu ya sauko da ita ya miƙa masa.

Washegari na ari keke na kama hanyar Malam Madori. Na tarar da rumfar cike, inji na kuka, rediyo na kuka, yara na kai da kawowa kowa na ji da kansa. Mai Inji ya karɓe ni da fara'a, ya ce ya daɗe yana jiran ranar da zan gane gaskiya. Yana cikin nuna min kayan aikinsa sai na hangi tabarmar nan da na sani, Babba na zaune a kan benci ya rungume ta. Na ja Mai Inji gefe na gaya masa komai, rigimar gona da hukuncin Bulama da gyadon da babu shi, da yadda Kawu ya yi ta jan ƙafa da gangan. Ya saurare ni yana sakace, sannan ya yi dariya har da buga cinya.

"Kawun naka alƙali ne ko maƙeri? Ni ƙarfe ake kawo min, yaro. Zuciyar mutum ba ta shiga injina."

Ko tambayar Babba sunan ƙauyensu bai yi ba. Ya miƙa wa wani yaronsa bindigar, ya sa hannu shi ma, kafin a kira azahar an gama. Babba ya naɗe ta ya fita bai dubi kowa ba. Mai Inji ya juyo ya ce min in duba da kyau, abin da tsohona ya kasa a wata guda ga shi an yi kafin tuwo ya huce. Ban tsaya sallama ba. Na hau keke na taka kamar ana bi na, na iso gida jiƙe da gumi na faɗa wa Kawu.

Ya yafa rigarsa, ya bar wuta a kunne, muka nufi bakin kogi. Muka haura, muka fara zuwa wurin Bulama. Muka same shi ana auna masa shinkafar bara, ya ce ya ji, in Allah ya kai mu Juma'a zai tara su ya yi musu nasiha. Kawu ya ce maganar ba ta jiran Juma'a, Bulama ya ce ai 'yan'uwa ne, a daina zuzuta abu. Daga nan muka wuce gidan Ƙarami. Yana zaune a inuwa yana ɗinkin komar kamun kifi, 'yarsa ƙarama na wasa da igiyar. Mutum ne mai sakin fuska, mai wushirya. Kawu ya roƙe shi ya bar ƙauyen na ɗan lokaci, ya je wurin surukansa a Miga har a ga yadda hali zai yi. Ya ajiye koma ya yi murmushi.

"Baba, Yaya ne fa. Shi ya goya ni. Shi ya koya min iyo a wannan kogin. In na gudu saboda shi, da wane ido zan dube shi gobe? Kuma tsuntsu zai cinye min shinkafa."

Muka yi juyin duniya ya ƙi. Har ya ba mu bandar tarwaɗa muka taho da ita.

Da safe, rana ta ɗan ɗaga, muna bakin kogi za mu sake haurawa, sai muka ji ta. Ƙarar bindigar toka a kan ruwa daban take, tana tafiya tana dawowa. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya har sama ta yi duhu, suka yi ta kewaya sun rasa wurin sauka. Kawu ya zauna a ƙasa inda yake tsaye. Ba a jima ba kwalekwale ya ɓullo daga cikin shinkafa, mutum biyu na tuƙi. An lulluɓe Ƙarami da tabarma a ciki, ƙafafunsa a waje, laka ba ta ko bushe a kansu ba. Babba kuwa bai gudu ba. A kan kunyar gonar aka same shi zaune, bindigar a cinyarsa, har 'yan sanda suka zo suka ɗaga shi. Bai sake taka ƙauyen ba, a gidan yari ya ƙare. Matan 'yan'uwan biyu kowace ta kwashi 'ya'yanta ta koma gidansu. Gonar da aka yi domin ta ba wanda ya sake yarda ya sa mata lauje. In ka bi ta wurin yau kacalla ce ta rufe ta, ciyawar nan mai tsawo da ta toshe mana rabin fadama, ko kwalekwale ba ya ratsawa.

Kawu ya daɗe bai hura wuta ba. Ranar da ya hura, na zo na zauna a bayan zugazugi ba tare da an kira ni ba. Bai taɓa ce min ai ya faɗa ba, bai kuma taɓa tambayata abin da ya kai ni Malam Madori ba. Bayan girbi ya fara ajiye bindiga a gabana yana nuna min cikinta, a hankali, yadda yake komai. Da maharba suka zo kuma sai ya ce ni zan yi gaisuwar. A nan na gane cewa duk shekarun da na yi ina zuga ina jin haushin hirarsa, karatun ake yi min.

Mai Inji fa? An kira shi shaida. Ya sa babbar riga ya je ya ce bindigogi da yawa ke bi ta hannunsa, ba zai iya sanin abin da ke ran kowa ba. Aka sallame shi. Abin da har yau in na tuna nake jin kamar in tofar da yawu shi ne, bayan wannan kasuwarsa ƙaruwa ta yi. Labari ya bazu cewa aikinsa ba ya ƙin tashi. Mutanen da suka bi gawar Ƙarami zuwa maƙabarta, da yawansu su ne suka kwashi bindigoginsu suka kai masa. Ya yi gidan bene, ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya, aka riƙa matsa masa a sahun gaba. Yaran da ya yaye suka bazu, kowa ya kafa rumfarsa ya yaye nasa, kowane zubi ya fi na baya gaggawa da rashin tambaya. Yanzu ana zama a majalisa ana tafa hannu ana mamakin inda makaman daji ke fitowa, kamar daga sama aka yi ruwansu. Ni kuma na gaji zauren Kawu da azararsa. Bindigogi da yawa sun kwana a kanta. An zage ni, an ce na fiye iyayi, wasu sun ɗauke kayansu sun tafi inda ba a tambaya. Wasu kuma sun dawo bayan wata da watanni suna sunkuyar da kai, suka ce in bar ta a nan tukuna.

Duk wannan na ba jikana labari, ya saurara da kunne ɗaya, ɗayan na kan wayarsa. Ya ce wannan zamanin da ne, yanzu an waye. Uwarsa ta roƙe ni in raka shi ya ga wurin, ko Allah zai sa in hango abin da shi ba zai hango ba. Muka shiga mota muka je. 'Ya'yan Mai Inji ne ke riƙe da wurin yanzu, ƙofofin ƙarfe jingine a gaba, tartsatsin walda na tashi, yara ba ko tabarau suna kare ido da tafin hannu. Babban ɗan ya zagaya da mu baya yana ta yi wa jikana lissafin yadda zai yi arziki. Bai tambaye shi ɗan wane ne ba, bai tambayi abin da ya sa yake son aikin ba. A can ƙarshen rumfar, a kan kujerar roba, sai ga tsohon da kansa. Ashe yana nan. Ya shanye, carbi a hannu, haƙorin zinariyar ne kaɗai bai tsufa ba. Na gaishe shi na faɗa masa ko ni wane ne, ya ce ya tuna kawuna, mutumin kirki amma mai nawa. Na tambaye shi ko ya tuna mutumin bakin kogi da ya kawo masa bindiga a tabarma, wanda na ja shi gefe na yi masa magana a kansa. Ya lumshe ido ya yi tunani ya ce bai tuna ba, mutane da yawa sun wuce. Na ce wanda ya harbe ƙanensa a gonar shinkafa washegari. Ya ɗan gyara zama, fuskarsa ta washe.

"To, ta tashi ke nan," in ji shi. "Ai aikina bai taɓa ƙin tashi ba."

Ya yi 'yar dariya, ɗansa ya taya shi. Na dafa sandata na miƙe. Ban yi masa sallama ba, kuma ban ce wa jikana ya taso ba. Sai da na kai bakin titi na ji takunsa a bayana. Muka shiga mota, muka wuce gonaki, muka wuce gada, wayar tana aljihunsa bai fito da ita ba. Mun kusa shiga Haɗeja ya matso kusa da kunnena.

"Kaka, dariya fa ya yi."

Na ce masa na gani.